Hayaƙin Bayan Shago

Inna ba ta iya ƙarya ba, amma wajen shiru babu kamarta. Da shirun nan ta riƙe gidan Baba Kafinta tun tana amarya har jikoki suka fara aure. Ita ke wanke rigunansa daban, ita ke zuba masa kanumfari a aljihu, ita ke ƙirƙiro tari idan ta ga yaro ya nufi bayan shago, inda maigidan ke laɓewa cikin katakai yana zuƙar sigarinsa. A unguwa kuwa, kowa ya san Baba da tsanar masu shan taba. Babban ɗansu har yau yana ɗauke da tabon bel a ƙauri, saboda kara ɗaya da aka kama shi da shi yana saurayi.

Yanzu Baba ya haura tamanin, baya ya ƙi. Ƙashin ƙugu ya goce ya danne jijiya, ƙafar hagu sai jan ta yake yi. Mutumin da ya yi wa rabin unguwa gado, ga shi ba ya iya sauka daga nasa sai an kama shi.

Ranar da za a tsayar da maganar aiki, su uku suka shiga wurin likitan ƙashi: Baba a keken marasa lafiya, babban ɗan yana turawa, Inna a baya da jakar magunguna. Likita ya ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna musu. Ya ce ba zai buɗe bayan gaba ɗaya ba, ƙananan ƙofofi zai yi, don kada tsoho ya zubar da jini da yawa. Zai ɗaura kusoshi da sandunan ƙarfe, ya ƙara musu siminti na musamman tunda ƙashin ya yi laushi, sannan ya cusa ɓarɓashin ƙashi a tsakani.

"Ƙarfen riƙo kawai yake yi, Baba, kafin ƙashin ya haɗe da kansa."

"Kamar a ɗaure katako kafin gam ya kama," in ji Baba.

"Yauwa. To, yana shan taba?"

Babban ɗan ya tuntsire da dariya. "Wa? Baba? Likita, in nuna maka ƙafata?"

Likita bai yi dariya ba. "Dole na tambaya. Taba tana hana ƙashi haɗewa. In bai haɗe ba kusoshin za su saki, kuma jikinsa ba zai ɗauki aiki na biyu ba."

Inna ta dubi mijinta, shi kuwa ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganin fanka. Ko da safen nan ita ta buɗe masa taga, ta share tokar. Tsoro ya kama ta, ga haushi: wato tsohon nan ya gwammace ya ƙare a kwance da ya ji kunya gaban ɗansa. Likita ya juya zai duba ranar da za a yi aikin.

"Yana sha."

Ita kanta ba ta gane muryarta ba.

"Ke!" in ji Baba.

"Yana sha, likita. Tun kafin a haifi wannan. Malam, ka yi haƙuri, in ka ga dama ka daina yi mini magana. Na fi so ka yi fushin a tsaye."

Likita ya ce a hankali sai an ɗaga aikin har Baba ya bari, jikinsa ya washe. Baba ya kasa waiwayawa ya dubi wanda ke tsaye a bayansa.

Inna ta jira ɗan ya fashe. Ta san zuciyarsa, irin ta uban ce. Ya daɗe yana kallon ƙeyar tsohon, sannan ya sunkuya ya gyara masa ƙafar hagun a kan matakin keken.

"Mu je gida, Baba," ya ce. "Barinta da wuya, amma na san yadda ake yi. Kai ka koya mini."