Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

A ƙauyenmu, can gefen Beli, idan aka ce mutum yana rubutu abu ɗaya ake nufi: ya zauna da allo da tawada ya rubuta aya, a wanke a kwano, mara lafiya ya sha. A garin aka haife ni, na san haka sarai. Amma na yi shekaru ina kiran kaina marubuciya ban taɓa kawo wa raina cewa kalmar nan za ta ɓatar da wani nawa ba.

Gwaggona ce ta raine ni, yayar babana. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini tun ina rarrafe. Ita ta tsaya kai da fata aka bar ni na yi makaranta a Rogo, har na samu koyarwa a wata firamare a Karaye, inda nake aure. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma tun kafin in buga littafina na farko yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum ta gane shi da murya.

Babu irin rubutun da ban taɓa ba. Na yi labaran soyayya, na buga da gumina, yawancinsu suna nan jibge a kwali suna shan ƙura. Na yi wasan kwaikwayo na rediyo, aka karɓa aka ce za a neme ni, har yau ana kan nemana. Na gwada waƙa, wani dattijo ya duba ya ce in koma kan abin da na iya. Da waya ta shigo hannun kowa sai na koma sakin labari kashi-kashi a zaurukan mata, har ranar da aka turo mini labarina an goge sunana an sa na wata, mai turowar tana ba ni shawara in karanta in ga yadda ake rubutu. A unguwa kuwa amfanina bai wuce katin biki da takardar neman aiki ba. Maigidana ba ya hanawa, ba ya karantawa.

Abin da ya riƙe ni duk tsawon lokacin nan Gwaggo ce. Duk littafin da ya fito, ita nake fara kai wa. Za ta yi bismillah ta karɓa da hannu biyu, ta shafa, ta sa mini albarka har sai na ji kunya. Labari yana iso mini cewa a gidan suna da gidan biki ba ta da zance sai nawa, wai Uwata tana rubutu a Karaye, har inji ne yake buga mata saboda yawan masu nema. In na ji haka sai in ce ko duniya ta ƙi, akwai mutum ɗaya da ya san darajar abin da nake yi. Da wannan nake komawa in ɗauki biro.

Ana cikin cirar gyaɗa ɗan Gwaggo, wanda nake kira Yaya, ya bugo mini waya. Ya ce ƙafafunta sun kumbura, asibiti sun ba da magani sun ce a koma gida, kuma ba ta da magana sai a kira mata ni. Na shiga mota zuwa Rogo, daga can na hau babur. Na isa ana kiran azahar, gidan shiru, kusan kowa yana gona, sai matar Yaya da ke jinyarta.

Na daɗe rabona da shiga ƙuryar ɗakin Gwaggo, kullum a rumfar tsakar gida muke zama. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a hankali, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da idona ya saba da duhun ɗakin na ga gafaka biyu rataye a bango, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya na san ta tun ina yarinya, Alƙur'anin marigayi mijinta ne a ciki. Ɗayar sabuwa ce, bakin littattafaina ya leƙo ta sama. A gefen gado kuma ga kwanon sha da ruwa, da takarda kwance a ciki.

"Uwata," ta ce, "rubutun nan naki kulle shi kika yi ne? Tun shekaranjiya na sa aka jiƙa mini, ya ƙi saki."

Na jawo kwanon. Shafi ne daga littafina na biyu, daidai wurin da saurayi yake lallashin budurwarsa a tashar mota. Takardar ta yi laushi, amma ko harafi ɗaya bai narke ba, ruwan fari tas. Na ɗaga kai, matar Yaya da ke bakin ƙofa ta sunkuyar da nata. Daga baya take gaya mini duk gidan sun san gaskiya, babu dai wanda ya iya faɗa mata, domin ko taɓa gafakar ba ta bari a yi sai da alwala.

"Ga allo can," in ji Gwaggo. "Ki yi mini da hannunki. Na sha na malamai da yawa, ban sha naki ba. Mutanen Karaye suna ta sha suna warkewa, ni da na goya ki ko ɗanɗanawa ban yi ba."

Ba zan ɓoye ba, raina ya so in ɗauki allon. Na iya rubuta Fatiha, na iya Ƙulhuwallahu. Da na rubuta na wanke ta sha, da ta tafi da farin cikinta, ni ma na tsira da mutum ɗayan nan nawa. Amma idona ya ƙi barin bangon. Matar da ba ta taɓa wasa da salla ba ta rataye hirar samari kusa da Alƙur'ani saboda ni, kuma ga ta a bakin tafiya.

"Gwaggo, nawa ba na sha ba ne. Labari ne."

"Labarin annabawa?"

"A'a, na mutane ne. Ni nake ƙago su."

"Ba su faru ba?"

"Ba su faru ba."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Tatsuniya ke nan." Ba da raini ta faɗa ba, nema take ta gane. "To shi me yake yi wa mutum?"

Na sha amsa wannan tambaya a taron marubuta, da murya mai ƙarfi, in ce faɗakarwa ne, in ce gyaran tarbiyya ne, a tafa mini. A ɗakin nan, gaban kumburarrun ƙafafun nan, babu ɗaya da ta yarda ta fito. Na ce yana ɗebe kewa. Ni kaina da na ji maganar a kunnena sai na ji ta ba nauyi.

"Allah sarki," ta ce. "Ni kuwa na cika gari da zance."

Ta sa matar Yaya ta zubar da ruwan kwanon, ta ce idan an dawo daga gona a je a karɓo mata rubutu wurin liman. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta ga ƙarshen kakar nan ba. Tun daga lokacin ban kammala labari ko ɗaya ba, ina farawa sai in ji tambayarta in ajiye biron, kuma har yau ban samo amsar da zan iya faɗa a ɗakin mara lafiya ba.

Kafin in fito ranar, ta kira ni ta laluba ta kama hannuna.

"Uwata, sauke su daga can sama, wurin ba nasu ba ne."

Na miƙe na ciro gafakar daga ƙusa, na tsaya riƙe da ita ban san inda zan nufa ba.

"Ki sa su ƙasa," ta ce, "amma ki nemi inda gara ba za ta ci ba. Wahalarki ce."