Jan Bargon da Aka Lulluɓa wa Yaya Fanis

Assalamu alaikum, direbobin hanyar Teriberka. Ku gafarce ni da na shigo muku da dogon rubutu a zauren da kuka buɗe don labarin hanya da yanayi. Ni ba direba ba ce. Nailiya ce, mai gasa muku burodin naman da kuke raba wa baƙinku masu yawon buɗe ido a mota. Da ina da wata ƙofar da zan buga, da ban dame ku ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa yayana Fanis rasuwa ranar Laraba da daddare, sha takwas ga Disamba, yana da shekara sittin da uku. An same shi washegari zaune a motarsa a gefen hanya, tsakanin Teriberka da Murmansk, a wurin da waya ba ta kamawa. Ya kai wa wata tsohuwa tukunyar gas ne, yana komowa gida. Ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa.

Yaya, shekara talatin da takwas kana bin hanyar nan, tun babu mai zuwa Teriberka sai masunta da masu kai musu gari. A lokacin direbobi suna da doka guda wadda ba a rubuta ba: in ka ga mota a tsaye, ka tsaya. In an ɗaga murfin inji kuwa, ko matarka ce kan gwiwa a kujerar baya, sai ka leƙa ka tambaya. Kai ka riƙe dokar nan har ta zama abin tsokana. Abokinka Yefim, mai motar share ƙanƙara, yakan kira ka da sunan ƙabilarmu ya ce maka, "Kai dai Batatare, ko kare ne ya tsaya fitsari sai ka taka birki ka ji ko yana son shayi." Kai kuma ka ce, "Ai shi ya sa na tsaya maka shekarar da ka kife a rami."

Ba zan ce ba ka da aibi ba, don ina jin tsoron Allah. Kana da taurin kai, kuma maganin hawan jininka ya fi daɗewa a aljihun mota fiye da cikinka. Amma igiyar jan mota da filas biyu ba su taɓa barin bayan kujerarka ba. Ɗaya naka, ɗaya na wanda za ka tsinta.

Hasken arewa a wurinmu ba abin kallo ba ne. Muna yara in koren hasken nan ya shimfiɗu yana kaɗawa a sama, Inna takan ce mu yi tasbihi mu shige ɗaka. Kai kuwa da ka girma, kallo ɗaya kake masa ka ce, "Sama ta washe, sanyi zai ci mutum. A ciro batir a kai ɗaki." Sai ga shi an wayi gari mutane suna tahowa daga ƙasashen da ban san sunansu ba don su gan shi, aka cika hanya da fararen motoci masu farautarsa.

Ka yi aikin nan na kai baƙi kallon haske hunturu ɗaya. Aka sallame ka ranar da ka tsaya da baƙi takwas a mota kana jan motar wata mata da 'ya'yanta biyu daga cikin dusar ƙanƙara, kafin ka gama gajimare ya rufe sama. Mai kamfanin ya ce maka, "Baba, mutanen nan sama suka zo gani, ba kai da igiyarka ba." Ka ce masa, "Ɗana, sama ba ta mutuwa da sanyi." Ka ajiye masa makulli. Ni kuwa na ci gaba da gasa musu burodi, har yau. Ban cire kaina daga cikin abin da zan faɗa ba.

Yefim ne ya same ka, shi ya ba ni labari a ƙofar masallaci, hularsa a hannu. Bel ɗin injinka ya tsinke, ka ɗaga murfi kamar yadda aka saba, ka koma ciki kana jira. Ya ce, "Nailiya, da babu wanda ya bi hanyar, da na haƙura. Wallahi wurin kamar an ci kasuwa an tashi." Sawun tayoyi gaba da baya, kofunan takarda, da ramukan ƙafafun kyamara, wasu taku ashirin daga motarka. A daren hasken ya fito irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Yanzu in direba ya ga mota a tsaye babu fitila, sai ya ɗauka wani ne ya sami wurin kallo mai kyau, ya faka kusa, ya kashe tasa fitilar, ya juya baƙinsa su fuskanci sama. Motarka ce ta tara su, Yaya. Suka tsaya a gefenka suna tafi, kowa ya ba ka baya.

Likita ya ce zuciya ce ta fara, sanyi ya ƙarasa. Bai iya faɗin sa'ar ba. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, malamarmu ta karantar da mu haka, kuma na yi imani. Ban ce wani ya kashe shi ba. Amma an karantar da mu haƙƙin matafiyi a littafi guda, kuma shi ban ga an sauke shi ba.

Direbobi, saura abu ɗaya, shi ne dalilin wannan rubutu. Da Yefim ya buɗe ƙofa, ya tarar an lulluɓe shi da jan bargo tun daga ƙirji har gwiwa, an cusa gefensa da kyau. Irin bargon da kuke ba baƙi ne. Fanis ba shi da irinsa. Ke nan ɗaya daga cikinku ya buɗe ƙofar nan, ya gan shi, ya rufe shi, ya koma wurin baƙinsa.

Matarsa Rezeda ta wanke bargon ta ninke, ta ajiye a kan kujerarsa. Kullum in na shiga, tambaya ɗaya take mini: "Yana da rai lokacin? Ya yi magana?" Shekara arba'in suna tare, kuma abin da ta roƙa duk zaman nan shi ne ta kasance kusa ta laƙƙana masa kalmar shahada. Nakan ce mata ban sani ba. Jiya ta ce, "Ki ce mini ya faɗa mana, ko don in yi barci." Na kasa. Ba zan shaidi abin da ban gani ba, ko don ita.

Allah ya jiƙan Fanis ɗan Gabdulla, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa duk wanda ya tsaya wa a hanya ya zame masa shaida ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga Rezeda, da 'yarsa Alsu, da jikokinsa, da Yefim wanda ba ɗan'uwa ba ne amma ya yi kukan ɗan'uwa. Allah ya ba mu haƙuri.

Kai mai bargo, ba zan kai sunanka wurin hukuma ba, ba kuma zan faɗa wa mai kamfaninka ba. In ya riga ya cika ka same shi, ka faɗa. In da sauran numfashinsa ka tafi ka bar shi, shi ma ka faɗa, tsakaninka da Allah ne, mu abin da ya ce kawai muke so. Kun san gidana, kun san lambata, nan kuke zuwa ɗaukar burodi. Don Allah ka amsa mini da wuri, kafin sadakar arba'in.