Jiratawa da Ƙwayoyin Kawu

Mun tashi da asuba daga Tsibiri a motar haya, mu da buhunan gero. A Maraɗi na sauka unguwar Zariya na ɗauki ƙanwata, wadda ke aiki a farmasi. Labari ya iske mu cewa kawunmu na Jiratawa ya rame, cikinsa na ƙuna, ga shi ya ƙi zuwa asibiti.

Kabu-kabu muka hau. Kuɗin hanya ya tashi, mai babur ya ɗora laifin a kan tsadar mai, muka biya muna gunaguni. Da aka gangara kwarin Gulbi kuwa na manta da fushina: ko'ina kore shar, ruwa na bin magudanai, mata na tsinkar zogale.

A bakin gona muka iske Kawu, ya dafe ciki yana cewa lafiya lau. Aka kawo kwaɗon zogale, muka ci, shi ko loma bai kai baki ba. Ƙanwata ta lallaɓa shi har ya zazzage aljihu. Magani iri biyu ya faɗo: ibuprofen na masu talla, da dexibuprofen da likita ya taɓa rubuta masa don ciwon gwiwa. Kullum yana haɗa su ya haɗiye kafin sammakon ban-ruwa, ciki wayam.

"Wanga ai na yara na," in ji shi, yana nuna na likitan. "Dubi lambar, ƙarama ta."

Ta ware tafukanta ta yi masa bayani a hankali. Ta ce sinadarin ibuprofen siffa biyu gare shi, kamar hannun dama da na hagu, a gauraye. Ɗaya ce ke kashe kumburi da zafi, ɗayar sai jiki ya juya wani sashenta kafin ta yi aiki. Na likitan, mai aikin ce zalla aka ware, shi ya sa lambar ta ragu, amma ƙarfin na nan.

"Kawu, magani guda kake ninkawa. Cikinka da ƙodarka yake ci."

Da ya ambaci cewa bayan gidansa baƙi yake fita, sai na ga fuskarta ta canza. Gaskiya na tsorata. Da ta ce sai asibiti, ya so ya fake da ban-ruwa, wani maƙwabcinsa ya karɓe fartanya daga hannunsa. Da la'asar yana gaban likita a Maraɗi, aka ce gyambon ciki ne, kuma an zo da shi a kan lokaci.

Na koma Tsibiri da magariba. Tun daga ranar na daina tambayar tsofaffinmu ko suna shan magani. Yanzu sai in ce su nuna mini abin da suke sha.