Guntun Hauyar Kakana

Shekarar da na dawo hutu daga Turai, damina ta biyu ke nan tana ƙin Sabon Birni. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mahaifina maƙeri ne, kuma wanda bai yi noma ba ba ya sayen hauya, don haka na tarar da zugazugi rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. Ƙannena sun tafi cin rani kudu. Tun a mota na ji ana cewa tsoho zai riƙe ni in tsare gida, alhali saura mini shekara in gama karatun kimiyyar ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san in ya ce zauna, zama zan yi.

Ni ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, saboda kunya. Sai ya sa ƙanensa, baffana, a tsakani, ko da kuwa gwiwata na taɓa tasa.

Da hantsi muna zaune a maƙera ya dubi baffa ya ce, “Tambaye shi, mi ya kai shi can wanda babu nan? Ƙarfe dai na.”

Na yi bayani ina duban ƙasa. Na ce ana son gina tukunyar da za ta ba da lantarki da ƙarfin nukiliya, amma ƙwayoyin da ke fita daga wutarta suna dukan ƙarfen jikinta har su haifar da wani gas a ciki, sunansa hiliyam. Ba ya narkewa a ƙarfe. Yawo yake yi har ya sami gurbin da dukan ya bari, ya zauna, 'yan'uwansa su taru, su zama kumfa da ido ba ya gani. Daga nan ƙarfe ya kumbura, ko ya yi gautsi ya karye ba gargaɗi. Aikina shi ne in gano ko zuba wani ma'adini, kuromiyam, zai rage wannan taruwar.

Baffa ya buɗe baki zai maimaita, ya rasa ta inda zai kama. Dariya ta kusa kuɓuce mini.

“Ya gano?” in ji mahaifina.

Na ce da saura, amma akwai alama.

Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da guntun hauya baƙi ƙirin. Na san shi. Kakana ne ya fitar da ƙarfensa daga tama, hauyar kuma ta karye a hannun mahaifina yana saurayi, ranar gayya, gaban jama'a.

“Baba, wannan ba hiliyam ya karya shi ba,” na faɗa, don kada in yi masa ƙarya.

Bai dubi baffa ba. Ni ya duba, ya kama hannuna ya danƙa mini guntun, tafinsa kaushi kamar bayan tukunya.

“Kai dai tafi da shi, ka duba cikin madubin naku mai nuna abin da ido ba ya gani. In ka gama karatunka ka zo ka gaya min abin da ka gani. Gida kuwa, ni za ni tsare shi.”