Gam Ɗin da Gidaɗo Bai Buɗe Ba

Idan aka tambayi Gidaɗo Mai Rediyo abin da ya gada a gidansu, dariya yake yi, ya ce rawani aka raba, shi kuma aka tarar ba shi da kan ɗauka. Mahaifinsa, Malam Attahiru, shi ke tafsirin azumi a Kebbe tun kafin a haife shi, yayyensa kuma duk malamai ne. Shi kaɗai ne albasar da ba ta yi halin ruwa ba. Da an buɗe littafi sai hamma, amma a miƙa masa mataccen rediyo, har abinci yake mantawa. Ya tsere Tambuwal ya kafa rumfa a bakin kasuwa, daidai lokacin da aka yi Jihar Sakkwato, kuɗin mai na yawo, kowane mai albashi yana rataye da rediyo. Malam bai taɓa zaginsa ba. Sai dai in yana lissafa 'ya'yansa, ya zo kansa, ya ce, "Sai kuma mai ƙarafa." Wannan kalma ta fi bulala yi wa Gidaɗo ciwo.

Wata shekara azumi ya faɗo tsakiyar damina, muryar Malam kuwa ta tsufa, sahu na biyu ma ba ya jin sa. Aka fara raɗe-raɗin ya huta, a ba wani buzun. Wani alhaji ya sayo lasifika da amfilifaya mai aiki da batirin mota, amma hanyar Kebbe ta girgiza ta son ranta. Da mai jan baƙi ya ja aya, Malam ya fara fassara, sai muryar lasifikar ta shaƙe ta ɗauke. Ranar ce gidan ya fara aikawa a kira mai ƙarafa.

Gidaɗo ya iso a babur yana hura hanci. Ya buɗe akwatin amfilifayar, ya ga ciwon. Taransiston da ke ɗaukar nauyin murya ya rabu da farantin alminiyam ɗin da ke shanye masa zafi, sukurun ya karye, ya tafi da mazauninsa. Sai dai a manna.

"Wanga ai aikin yara na," in ji shi, da ƙarfi don yayyensa su ji.

Ya fara da ƙaro, ƙaro ya soye ya zube. Ya sa gam na facin taya, ya kama ƙam, amma ya rufe zafin kamar bargo, masallaci ya cika da ƙauri har tsofaffi na tari. Farin man da yake shafa wa taransisto yana wuce da zafi lafiya lau, sai dai ba ya riƙe ko ƙuda. Ya ɗaure da roba, roba ta narke. Gam ɗin da ke riƙewa kuma ya bar zafi ya wuce, sai Sakkwato. Ya ba Ɗangiwa direba saƙo, washegari ruwa ya cinye hanya.

Jama'a sun taru bayan la'asar, Malam ya zauna yana kallonsa. Gidaɗo ya ji tsoro na gaske, don ya san in yau ma murya ta ɗauke, gobe wani ne a kan buzun. Ya shafa farin man, ya ɗora farantin, ya danne da guntun itace da babban yatsansa, ɗaya hannun na riƙe da akwatin. Murya ta fita tangaran, har matan da ke cikin gidaje suka ji.

To, an gudu ba a tsira ba. Mutumin da ya tsere wa karatu tun yana yaro, ga shi kullum gurfane a gaban Malam, kusa fiye da kowane ɗalibi, ba damar ko sosa kai. Ran da gyangyaɗi ya ɗauke shi, yatsa ya saki, duk Kebbe ta sani ta lasifika. Yakan ce, "Duk garin ga an rasa gam, sai aka manna ni."

Tun yana jin zafin yatsa kawai, har ya fara jin maganar. In Malam ya ɗaga murya, ƙarfen yakan ƙara zafi a hannunsa. Ran da aka kai ƙissar uban da idonsa ya tafi saboda kukan rabuwa da ɗansa, muryar Malam ta yi rawa, Gidaɗo ya yi hawaye, ga shi ba hannun gogewa.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe tafsiri, hanya ta buɗe, Ɗangiwa ya kawo gam ɗin. Gidaɗo ya juya shi, ya jefa aljihu, ya koma mazauninsa. Da aka tashi, Malam ya tsayar da shi.

"An ce Ɗangiwa ya iso."

"Ya iso, Baba."

"To mi kaka jira?"

Mai azumi ba ya ƙarya, sai ya laluɓo wata 'yar gaskiya. "Shina son yini guda kafin shi bushe, kar a rasa karatu."

Malam ya kamo yatsan, wanda ya yi kanta ya baƙanta, ya daɗe yana dubawa, ya tofa masa addu'a. "Bar shi aljihu. Gobe ka taho da wuri, Gidaɗo. Na saba da ganinka nan."

Tafsirin Malam na ƙarshe ke nan, bai kai wani azumin ba. Gam ɗin yana nan a rumfar Tambuwal, ya daskare a cikin kwalinsa. In wani ya tambayi Gidaɗo wane gam ya fi kyau ga taransisto, shi yake nunawa.

"Wanga na," in ji shi. "Ban taɓa buɗe shi ba, kuma babu wanda yai mini aiki irin nashi."