Alhaji da Shingen Hanyar Rabig

Mijina mutum ne da ko bakin titi ba ya son fita. Tun da kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a kan takardun zama, ya rasu, magada suka yi ta jan ƙafa har iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, sai ya koyi bin lungu. Daga gidanmu a unguwar Kurayyat ta Jidda zuwa rumfar da yake gyaran kekuna, ya san duk kwanar da motar 'yan sanda ba ta shiga. Ko jiniyar motar asibiti ya ji, sai ya faɗa shagon da ya fi kusa ya hau taya abin da ba zai saya ba. To wannan mutumin ne ya shigo mini wata rana da yamma riƙe da hular kwano, wai zai tuƙa keke daga Jidda zuwa Rabig, a kan babban titi, ido na ganin ido.

"Don yara ne, ya Hajiya," in ji shi. Samarin da ke kawo masa gyara, masu hawan keke a bakin teku, su suka shirya tafiyar. Kowa zai nemi masu ba da sadaka a kan wahalarsa, abin da aka tara a aika wa yaran da yaƙi ya watsa cikin sansanoni.

Na ce, "Alhaji, akwai shingen bincike a hanyar nan."

Ya ce, "Allah na nan."

Nan take na sha jinin jikina. Mu Hausawan Sudan ne, kuma a ɗaya daga cikin sansanonin nan akwai 'ya'yan ƙanensa da ya rasu, suna hannun tsohuwar su Alhaji da ba ta gani sosai. Tun da labarin ya zo, Alhaji bai ƙara cinye abincinsa ba. Kuma babu wanda ya zauna a Jidda da bai san yadda marar takarda yake komawa gida ba: ya bari a kama shi. A tsare shi kwanaki, a ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi a jirgi, a rufe ƙofa a bayansa. Tarhil ke nan. Ni tawa iƙamar da ranta, ina aikin shara a wata makaranta a unguwar Safa, 'yan matanmu biyu a nan aka haife su, ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Larabci. In ya tafi, ya tafi ke nan, mu kuma ba inda za mu bi shi.

Sai na zuba masa ido. Famfon banɗaki da ya shekara yana ɗiga, na yi magana har na gaji, ranar nan na dawo na tarar ya gyaru. Ya kira ni kicin wai in ga yadda ake sauya tulun gas, ni da ban taɓa tambayarsa ba. Da la'asar kuma sai ya sa jallabiyarsa mai kyau ya shiga gida gida har unguwar Madain Fahd, wai neman masu sadaka.

Wata maƙwabciyata ce ta ƙarasa tayar mini da hankali. Muna tsinkar ganyen mulukiya ta ce, "Ashe Alhaji tafiya zai yi? Jiya da zai tashi daga wajen maigidana ya ce a yafe masa."

A wajenmu ba a neman yafiya don za a je Rabig. Mai neman yafiya gida gida, ko tafiyar da ba ranar dawowa zai yi, ko asibiti za a kwantar da shi. Na bar mata ganyen na taho gida raina a ɓace.

Na same shi a tsakar gida ya kifa keken yana ɗiga wa sarƙa mai. Na ce, "Alhaji, in barin mu za ka yi, ka buɗe baki ka faɗa mini. Ni ba yarinya ba ce."

Bai ɗago ba. "Halas, ya isa haka, ya Hajiya. Keke ne fa kawai."

"Yafiyar fa?"

"Mai hawa titi ai ba shi da tabbas."

Abin da na lura da shi, bai ce wallahi ba. Mutumin da kan sukarin shayi ma sai ya rantse. Na so in yanka tayoyin keken, amma me za a yi wa mai gyaran keke da yankan taya? Na so kuma in ce 'ya'yansa na cikinsa sun fi na ƙanensa, bakina ya ƙi, don ni ma na ga hoton yaran. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan bi.

Ranar tafiyar ya fita bayan sallar asuba, cikin wata riga mai ɗame jiki da samarin suka ba shi, tumbi a gaba. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Bayan fitarsa na duba kan firij, inda yake ajiye maganin hawan jininsa. Ya kwashe kwalin gaba ɗaya.

Haka na yi aikin ranar, wayata a cikin rigata. Na share aji ɗaya na sake share shi. Duk ƙarar da ta yi sai in yi sauri in duba in ga tallar kamfanin waya ce.

Ana kiran magariba ya turo ƙofa. Mota ce ta dawo da su. Yana tafiya ƙafafu a ware, fuska ta ƙone, leɓe ya bushe. 'Yan matan suka yi kansa suna ihu, suna nuna masa hotonsa a waya. Sai da suka shiga ɗaki na ajiye masa ruwa.

"Shingen fa?"

Ya shanye ruwan tukun. Ya ce 'yan sanda ne ma suka tsayar da motoci don kekuna su wuce. Ya ce shi ne na ƙarshe, samarin duk sun yi nisa. Da ya zo daidai shingen ya rage gudu, har ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya tsaya a gaban ɗan sandan yana kallonsa.

"Sai me?"

"Sai ya miƙo mini gorar ruwa ya ce, yalla ya ammi, wato wuce baffa, Allah ya ba ka lada."

Na ce, "Da ma so kake ya tambaye ka?"

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Ban sani ba, ya Hajiya. Wallahi ban sani ba."

Na tashi na zubo masa shinkafa. Ban taɓa yi wa ɗan sanda addu'a ba sai ranar. Alhaji kuwa ya ci loma kaɗan ya ture kwanon, ya tambaye ni ko na ji an ce za a sake irin wannan tafiya baɗi.