Layi Biyu a Takardar Nitin

Shekara goma sha tara Gwen Tollefson ta yi tana neman aibi, kuma a kan haka ake biyan ta. Masu rubuta manhaja su gama aikinsu, su yi ta murna, su miƙo mata, ita kuma ta zauna da kofin gahawa ta yi ta dannawa har sai abin ya wargaje. In ya wargaje ta rubuta musu inda ya lalace da yadda ya lalace, ba gaisuwa, ba ban haƙuri. A hawa na huɗu na gininmu, can hayin tafki daga birnin Seattle, babu wanda bai taɓa shan ta ba. Da yawa suna jin haushinta, amma kowa ya yarda in Gwen ta ce abu ya lalace, to ya lalace.

'Yar Aberdeen ce, wani garin katako da ruwan sama a jihar nan tamu. Ubanta a injin yankan katako ya ƙare ƙarfinsa, uwarta kuma tana dafa wa 'yan firamare abinci. Ta taɓa aure, shekara huɗu, mijin ya ce zama da ita kamar zama da mai binciken haraji ne, ya kwashe kayansa. Tun daga nan sai ita da tsohon karenta da wata mota da ta girmi wasu ma'aikatan sashen. Girma bai dame ta ba. Sau uku ana yi mata tayin shugabancin sashe, sau uku tana cewa a kai kasuwa.

Aboki ɗaya ta yi na gaske a wurin, shi ne Nitin Hegde. Daga Mangalore ta ƙasar Indiya ya zo da bizar aiki, shekara goma sha biyu ke nan, da matarsa Shalini da 'yarsu Tanvi tana 'yar shekara uku. Teburinsa yana kallon nata. Kullum da rana sai ya buɗe kwanon shinkafa da miyar kifi, ita kuma ta miƙo cokali ba tare da an ce mata bismillah ba.

"Babbar yaya, yau ma kin kashe min aiki?" haka yakan tsokane ta.

"Ni ban kashe komai ba. A mace ka kawo shi."

Nitin shi ne mutumin da ake zuwa wurinsa in abu ya cije. Sabon ɗauka ya rikice, sai Nitin. Wani ya jagwalgwala aiki ana gobe za a miƙa, sai Nitin. Bai iya cewa a'a ba, sai ya ture nasa ya ja kujera ya zauna kusa da kai.

Duk ƙarshen shekara akan auna ma'aikata. Kowa ya zaɓi abokan aiki uku su rubuta ra'ayinsu a kansa, a ɓoye sunayensu. A ƙasan takardar akwai gurbin da ake tambayar abu ɗaya da ya kamata mutumin ya gyara. To, kowa a wannan sana'a ya san yadda ake cike gurbin nan. Yabo ake sa wa rigar suka. Ka ce wane ya cika aiki, ya riƙa hutawa. Ka ce wance ta cika kunya, ta riƙa faɗin nasarorinta. Ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce, kuma da ita muke rufa wa juna asiri. Gwen kaɗai ke raina wannan al'ada, tana cewa wasan yara ne.

A shekarar nan Nitin ya sa sunanta, da na wata sabuwar ma'aikaciya, da na Derek Pruitt wanda suka taɓa 'yar sa-in-sa da shi a kan jinkirin wani aiki.

"Ka san dai ba na yi wa kowa kwalliya," in ji Gwen.

"Ai shi ya sa na zaɓe ki. Yabonki yana da nauyi."

Ta kuwa yabe shi, shafi guda cur, kuma babu kalmar da ba gaskiya ba. Da ta iso gurbin ƙarshe ta rubuta layi biyu: yakan bar aikinsa ya kama na wasu, saboda haka sau biyu a bana ya wuce wa'adi. Ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba. Har daɗi ta ji, a ganinta shugabansu zai karanta ya rage wa bawan Allah kaya.

Abin da ba ta sani ba, umarni ya riga ya sauko daga sama cewa kowane sashe ya fitar da mutum ɗaya cikin goma. Shugabanni suka kulle kansu a ɗaki yini guda, sunaye a jere a kan allo, kowa yana kare nasa yana neman wanda zai tura ƙasa. Wata Laraba a watan Janairu Nitin ya zo da safe da kwanonsa, ya kara katinsa a ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗewa.

Gwen ta faɗa ofishin shugabansu Curtis Lindqvist ko sallama babu.

"Nitin fa? Kun rasa wanda za ku kora sai shi?"

Curtis ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, mutum biyu ne suka rage a kan layi, takardunsu duk yabo ne, sai a ta Nitin aka sami abin kamawa. "Shugabar ɗaya mutumin ta karanto layin nan biyu. Na ce ra'ayin mutum ɗaya ne. Suka ce a duba ko na wane ne, mu shugabanni ai muna ganin sunaye. Da wani ne ya rubuta, Gwen, da na ce hassada ce. Amma ke ce. Wa zai ce kin yi ƙarya?"

Ta fito ta shiga banɗaki ta daɗe a tsaye gaban famfo. Ita da take alfahari ba ta taɓa sakin aiki ba sai ta gwada duk hanyar da zai iya yin ɓarna, ga shi ta saki layi biyu ba ta tambayi kanta hannun wa za su faɗa ba. Baƙin cikin da ta ji ranar bai bar ta ba har yau.

Mai irin bizar Nitin in ya rasa aiki kwana sittin yake da su, ko ya sami wani aiki ko ya bar ƙasar. Shekara goma sha ɗaya yana layin takardar zama ta dindindin, duk za su tashi a banza. Tanvi kuwa shekararta goma sha biyar, tana busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan makarantarsu, Indiya ba ta san ta ba sai ta hutu.

Sai ga Nitin, da shekara arba'in da huɗu, ya koma bitar tambayoyin ganawar neman aiki kamar ɗan makaranta. Ka san irin ganawar tamu: a tsayar da kai gaban farin allo, a ba ka wata tambaya mai sarƙaƙiya da ba za ka taɓa cin karo da ita a wurin aiki ba, wanda ka kusa haifa yana zaune yana duba agogo. Duk Asabar Gwen takan ɗauke shi su tafi laburaren Bellevue, ta zama mai tambaya, ta matsa masa babu sassauci. Ta kira duk wanda ta taɓa aiki da shi, har waɗanda ba sa amsa gaisuwarta, ta roƙe su. Ita da ba ta roƙo.

Kullum takan ce yau za ta faɗa masa, kullum takan sami dalili. Yana da ganawa ranar Talata, kada ta dagula masa lissafi. Bari ya sami aiki tukuna, sai ta faɗa, ya zage ta, su yi dariya. Amma lokacin kowane kamfani kora yake yi. Wurare bakwai suka kira shi, biyu ya kai zagayen ƙarshe, duk suka turo wasiƙar nan mai ladabi. A kwana na hamsin da biyu ya sayi tikiti uku.

Asabar ta ƙarshe suka baje kayan gida a bakin gareji suna sayarwa. Gwen ta yi ta maimaita maganarta a mota tun daga gida. Ta tarar da Shalini tana ciniki da wata maƙwabciya a kan tukwane, Tanvi tana zaune a kan akwati idanunta sun kumbura.

"Anti Gwen, ki karɓi kekena. Ba na son wanda ban sani ba ya hau."

Nitin ya ja ta gefe, ya miƙo mata shayi a kofin takarda.

"Nitin, akwai maganar da nake so mu yi. A kan takardar nan ta ƙarshen shekara."

"Na gan ta," in ji shi. "Ranar da suka sallame ni sun ba ni kwafi, babu sunaye. Layi biyu, babbar yaya. Shekara goma sha biyu, layi biyu." Ya girgiza kai. "Na san Derek ne. Sau nawa na zauna na gyara masa aikinsa? Ina ƙoƙarin in yafe, wallahi na kasa. Duk wanda ya rubuta wannan ya san ina da 'ya."

Gwen ta buɗe baki. Shayin yana ƙona mata yatsu.

"Shalini tana cewa da ba don ke ba da na zare a wata biyun nan," ya ci gaba. "A ginin nan kaf ke kaɗai ce ban taɓa shakkar ki ba. Me kike son faɗa?"

Ta dubi Tanvi, ta dubi mutumin nan da ya rasa aiki da gida da ƙasa, abin da ya rage masa a nan ita ce. Ko don shi ta yi shiru, ko don kanta, ta sha tambayar kanta tun daga ranar, kuma amsar da take samu ba ta yi mata daɗi.

"Ba komai," ta ce. "Dama cewa zan yi ban ji daɗin abin da aka rubuta ba."

Ya dafa kafaɗarta. "Ranar Litinin ki gaishe min da kowa. Ban da Derek."

Gwen ta ce to.